Tsakin da Bai Shiga Waya Ba

Jiya 'yata ta turo min saƙo daga makaranta: "Mama, kin kyauta," sai ɗan hoton fuska a kife a ƙarshe. Na kira na tambaye ta me ya kifar da fuskar. Ta yi dariya, ta ce alamar gatse ce, tana nufin na manta ban aika mata da yajin da na yi alkawari ba. Ita tana dariya, ni kuwa kakata na tuna.

A ɗakin Kaka na tashi, a ƙauyenmu kusa da Gurbin Bore. Ban taɓa ganin mai gatse irinta ba. In ka yi barci har rana ta take, "sannu da aiki" za ta ce maka. In na fasa tulu a hanyar rijiya, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce na kyauta, ta ja tsaki. A tsakin nan maganar take. Kowa a gidan ya san haka, balle mahaifina, ɗanta ɗaya tilo, wanda gatsen nan ya raina tun yana goye.

Shi yana Kaura Namoda yana sayar da hatsi. Wata damina, gero ya fara fitar da kai, ciwo ya kwantar da Kaka. Ɗakin ya cika da warin jiƙe-jiƙe da danshin ƙasa. Kunun da nake dama mata sai ya huce a ƙwarya ba ta taɓa ba. Duk motar da ta yi ƙara a bakin hanya sai ta ɗaga kai ta saurara, amma ko a bakin mutuwa ba za ta ce "zo" ba.

A lokacin waya ɗaya ce a unguwarmu, ta maƙwabcinmu malamin firamare. Kira ba ya shiga sai an hau tudu, saƙo ne ke lallaɓawa ya wuce. Mahaifina ya rubuto yana tambaya: ya taho, ko ya bari sai an ci kasuwar Shinkafi? Malam ya tsuguna a ƙofar ɗaki ya karanta mata.

Kaka ta ce, "Ce mai shi yi zamanai. Ya kyauta." Ta ja tsaki mai tsawo, ta juya fuska bango.

Malam baƙo ne a garin, bai san halinta ba. Ya rubuta abin da ya ji: "Ta ce ka yi zamanka, ka kyauta." Ya sa aya, ya aika. A rubutu akwai aya, akwai waƙafi, akwai alamar tambaya, amma babu inda aka tanadi wurin tsaki.

Mahaifina ya ci kasuwarsa. Ya iso an riga an dawo daga maƙabarta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne zaman makoki. Duk wanda ya zo gaisuwa sai mahaifina ya karanta masa saƙon, wai ita da bakinta ta ce ya zauna, har godiya ta yi masa. Mutane suna ta "Allah Ya jiƙanta." Ƙanwar Kaka ce kaɗai ta dube shi ta ce, "Yaushe Inna ta taɓa ce ma ka kyauta don ka kyauta?" Ya sunkuyar da kai, bai sake buɗe saƙon ba.

Na daɗe ina ɗora wa rubutu laifi. Yanzu ga shi an cika wayoyi da fuskoki, mai hararar gefe, mai murguɗa baki, mai kife, don kada a yi wa mutum gurguwar fahimta. Sun yi amfani, ban musa ba. Da akwai su a lokacin, da Malam ya san abin da zai liƙa. Amma don baƙo aka yi alama. Wanda ya sha nononta ya ji tsakin nan tun daga Kaura, ya dai fi son abin da aka rubuta.

Yajin 'yata kuwa, tun da safe na kai shi tasha.