Kwalba Cikin Ƙanƙara

Shekara goma sha ɗaya muka yi da matata ba haihuwa, kuma duk tsawon lokacin ita ke shan magani. Ni ko sassaƙe ban taɓa sha ba. Da muka je wani asibitin kuɗi a Sabon Gari, inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a waje a mayar mahaifa, likita ya ce ni za a fara aunawa. Ban yarda da shi ba tun daga nan.

Aka ba ni 'yar kwalba, aka nuna min bayan gida. Na ga mata zaune a benci daf da ƙofar, na ce a gida zan yi in kawo.

Aikina kula da shanu a wata gona a Samaru. Ni ke riƙe saniya in za a ɗura mata irin bijimi, na sha ganin ana zaro irin daga tulun ƙarfe mai hayaƙin sanyi. Ba wanda zai koya min ajiyar iri. Da safe na sayi ƙanƙara wurin mai zoɓo, na binne kwalbar a kula, na hau mota. A ƙofar asibiti na ciro ta, na goge, na miƙa wa mai awo.

Sakamako ya fito, likita ya ce kusan babu mai motsi, ko an haɗa da ƙwan da wuya ya shiga.

Kwalabe uku mai awon ya karɓa a gabana, duk iri ɗaya, na ce musanya aka yi. A gida kuma na juya kan matata.

"Ke, me kika faɗa masa ranar da kika shiga ke kaɗai?"

"Na ce mijina ya fi shi sanin aiki. Ci tuwonka, Malam."

Na sa aka ba ni wata kwalba, na shafa mata jan fentin da muke wa shanu alama. Wannan karon har ofishin likita na shiga da kulata, don kada hannun kowa ya taɓa.

"Malam, me ke cikin kular nan?"

"Abin da kuka ce in kawo."

Ya cire tabarau. "Wancan karon ma haka ka kawo?"

Na ce haka muke ajiye na bijimi. Ya ce na bijimi sai an gauraya shi da magani kafin a daskarar. Ƙanƙara tsurarta kashe motsi take yi. A jikin mutum ake riƙo kwalbar, a iso kafin awa guda. Matata ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya.

Na uku a bayan gidan asibitin na yi, matan suna benci. Na tsaya a taga ina kallon hannun mai awon har ya gama. Akwai motsi, amma kaɗan ne, masu rauni. Likita ya ce za su iya zaɓar mai ƙarfi guda su tura cikin ƙwan da allura, sauran sai ikon Allah.

Na so ƙanƙara ta ɗauke laifin duka, ba ta ɗauke ba. A mota matata ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina shan ɗaci." 

Na koma na sa hannu a takardar amincewa da aikin. Sharaɗina ɗaya, kwalbata da jan fentinta za ta shiga ɗakin haɗa ƙwan.