Ranar da Madara ta Narke a Motar Ohonos

A ƙauyenmu idan yaro ya cika ƙiriniya, uwarsa takan ce za ta sa shi a motar Ohonos. Mota ce mai siffar burodi, da ita yake jigilar mutane zuwa birnin Yakutsk ta kan kogi idan ya daskare, kuma tun da muka san ta cikinta bai taɓa fin waje ɗumi ba. Numfashin fasinjoji yakan hau rufi ya daskare, in an faɗa rami ya zubo mana a ka kamar gari. Shi kuwa yana gaba yana kankare gilashi da cokali, yana cewa sanyi ai lafiya ne, tunda ba a taɓa jin wani ya ruɓe a motarsa ba.

Matan ƙauye ne suka fi kowa morar wannan mota. Madararmu a kwano ake daskarar da ita, a juye ta fito kamar faifai. Nasu kawai su jera faya-fayan a ƙarƙashin kujeru da tsakanin ƙafafun mutane, su ɗora buhunan kifin tafki da ya sandare kamar itace, kaya su isa kasuwa yadda suka bar gida.

Matarsa Balbara sau ɗaya ta taɓa shiga, shekarar da ya sayo motar. Gashin idonta na sama da na ƙasa suka manne tun kafin a sauka kan kogi, ta je birni ta dawo ba ta ga komai ba. Daga ranar ita da motar sai kallo ta taga.

Ana tsakiyar sanyi 'yarsu ta haihu a birni. Balbara ta ajiye masa shayi ta ce ranar Asabar za ta je ganin jikarta, a motar Kirile. Kirile direba ne daga ƙauyen gaba, motarsa da ɗumi har yana tuƙi ba hula, kuma shi ya fara neman Balbara tun tana budurwa.

"Tsohuwa, ga mota a ƙofar gida, ki shiga ta wani?" in ji Ohonos.

"Au, mota ce? Na ɗauka rumbun kifi ne aka sa wa taya. Ni da hannu mai ɗumi zan ɗauki jikata, tsoho. Kirile ya ce ma kujerar gaba zai ajiye mini."

Maganar kujerar gaban nan ita ta hana shi shanye shayin. Ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, tunda ni ne maƙwabcinsa, muka buɗe inji muna neman tamosta, ɗan ƙarfen nan mai kamar murfin buta da yake tare ruwan inji har sai ya yi zafi sosai, sannan hita ta sami abin hurawa. Muka kwance gidan tamostan, babu kowa a ciki. Ohonos ya daɗe yana leƙa ramin, sannan ya tuna. Wani lokacin zafi can baya injin ya tafasa, ya cire shi, ya ɗaura shi a jikin komarsa don ta nutse.

"Duk a cikin duwatsun komar nan babu mai nutsewa kamarsa," ya ce.

Mai kayan mota a kasuwa ya jera masa guda uku a kan teburi: mai buɗewa a digiri tamanin da biyu, da na tamanin da bakwai, da na casa'in da biyu. Ya ce na farko na mutanen kudu ne, da ya ji ɗan ɗumi sai ya saki ruwa. Na ƙarshe kuwa sai injin ya kusa kuka. Ohonos ba ya yarda da lambar da wani ya buga a jikin ƙarfe, don haka ya kwaso su duka.

A gida ya ɗaura wa kowane zare. Ya ga tukunyar romon naman doki a kan murhu ba ta kai ga tafasa ba, ya ce ai ba sai an hura wata wuta ba, ya tsoma su ciki. Muka zauna muna kallo, shi kamar uban da samari uku suka zo gaisarwa.

"Dubi wannan, tun romo bai motsa ba ya hangame baki. Irin Kirile ne."

Na biyu ya ɗan jure, sannan ya bi sahu. Na uku ya yi shiru abinsa har kitse ya fara rawa, sannan ya buɗe a hankali.

"Wannan ɗan gidan mutunci ne," in ji Ohonos.

Balbara ta shigo ta leƙa tukunya. "Yau kuma ƙarfe za mu ci? Ka bar mini mai taushin."

Ya ɗaura na ukun, ya toshe gaban lagireto da kwali, ya lulluɓe injin da tsohon bargo. Da ƙyar Balbara ta yarda, bisa sharaɗi: za ta shiga, amma in aka kai bakin kogi tana jin sanyi, za ta sauka ta jira Kirile, wanda dama a bayanmu yake biyowa.

Ranar Asabar ta hau gaba sanye da duk abin da ta mallaka. Tsohuwa Ogdo, wadda take kai wa matan ƙauye kayansu kasuwa, ta jera madara da kifi a inda aka saba. Har da ni na taya ta, kuma babu wanda ya yi tunanin komai.

Kafin a kai bakin kogi rufin mota ya fara ɗiga. Mutane suka soma cire mayafin wuya suna gaisawa, don wasu sun shekara suna tafiya tare ba su san fuskar juna ba. Ohonos ya tsaya a bakin kogin, hannunsa a kan sitiyari, bai kalli matarsa ba. Ta cire safar hannu ɗaya, ta riƙe hannun a iska kamar mai gwada ruwan wanka.

"Me kake jira? Tuƙa."

Mun yi nisa a kan ƙanƙara na ji ƙafata a cikin ruwa. Na duba, fari ne. In an taka birki madara ta tafi gaba, in an ba da wuta ta dawo. Sai buhu ɗaya ya yi motsi. Kifin tafkinmu dama an ce ba ya ɗaukar mutuwa da muhimmanci. Suka fito ɗaya bayan ɗaya suna iyo tsakanin ƙafafunmu.

"Ohonos, ɗan nan, kashe abin nan," in ji Ogdo, ta ɗage ƙafafu sama, igiyar madara ta tafi da takalminta ɗaya. "Me zan gaya wa mata? In ce kayansu sun farka?"

Ohonos ya kai hannu wajen hita. Balbara ta buge hannun.

"Taɓa shi ka gani. Tun da na aure ka yau na fara jin yatsuna a cikin abin da ka mallaka."

Kusa da birni Balbara ta sa aka tsaya, kowa ya fito, aka wangale ƙofofi. Muna tsaye muna buga ƙafa Kirile ya zo wucewa, kujerar gaba babu kowa sai ƙaramin matashin kai da ya ɗora. Ya rage gudu ya tambaya ko an lalace ne. Ohonos ya ce a'a, zafi ne ya yi mana yawa muke shan iska.

Ba a jima ba madarar ta daskare faifai guda, daidai faɗin motar, kifaye a ciki kowane da inda ya nufa, ga takalmin Ogdo a tsakiya. A kasuwa da zarto aka yanka. Mutanen birni suka yi layi, suna tambaya ko sabon abu ne daga ƙasar waje.

Tun daga nan madara a kan rufi take tafiya. Ogdo har yau tana cewa an lalata mota mai kyau. Balbara kuwa ta ɗauki jikarta da hannu mai ɗumi, kuma da za a koma ita ta riga kowa shiga. Yanzu ko babu abin da zai kai ta birni takan bi shi, ta cire takalma ta miƙe ƙafafu gaban hita, tana gaya masa yadda ake tuƙi.