Labulen da ke tsakanina da mahaifina

A shekarun da ake ta shirin karɓar mulkin kai, ni saurayi ne da bai daɗe da gama koyon aikin malamin asibiti ba, ga farar riga sabuwa fil, ga jin kai, ina ganin babu ciwon da zai gagare ni a faɗin ƙasar Bauchi. Likitoci ba su da yawa a lokacin, don haka irinmu ake turawa ƙananan ɗakunan shan magani mu duba marasa lafiya, mu ba da ƙwaya, mu yi allura, abin da ya fi ƙarfinmu mu tura babban asibiti. Tsarin shi ne sabon malami ya fara zama ƙarƙashin tsohon hannu har idonsa ya buɗe. Ni sai aka tura ni wani ɗakin magani a bakin gari, ta hanyar Zungur, inda mahaifina ya yi shekara da shekaru yana aiki. Manyanmu gani suke gata suka yi mini. Abokan karatuna har tsiya suke yi mini, wai kakata ta yanke saƙa, ubana ne shugabana.

Abin da ba su lura da shi ba, mu Fulani ne, kuma ni ne ɗan fari. Tun daga yaye a hannun kakata na tashi. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa haɗa ido da ni ba, in zai ba ni saƙo sai ya faɗa wa wani, ni kuwa ina tsaye a wurin. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka taras, ni ma ban taɓa fara yi masa magana ba. A gida wannan bai dami kowa ba. A wurin aiki kuwa sai ya zama shi yana ɗakin ciki, ni ina na waje, labule a tsakaninmu. Wadda ta rufa mana asiri wata ungozoma ce, dattijuwa Kirista daga kudancin Bauchi, mai baki kamar reza. Ita ke kai tambayata ta dawo mini da amsa, tana mita wai ita karɓar haihuwa aka ɗauke ta yi, ba masinjancin kurame biyu ba. Mu yi dariya, aiki ya ci gaba a haka.

Cikin bazara aka yi wa ungozomar rasuwa ta tafi garinsu. Ran nan da hantsi, ɗaki cike da mutane, wata Bafulatana ta shigo daga ruga goye da yarinya da ba ta wuce shekara uku ba. Jikinta zafi rau. Uwar ta ce tun jiya take amai, ba ta son haske. Yarinyar tana wani irin kuka siriri mai tsini wanda ban taɓa jin irinsa ba. A raina na ce zazzaɓin sauro ne, amma da na tallafo kanta sai na ji wuyan ya ɗan ƙi lanƙwasuwa. An koya mana sanƙarau a kan allo, amma ban taɓa riƙe mai shi da hannuna ba, ban san ko taurin ciwo ne ko na yaron da ba ya son a taɓa shi. Maganin kuma yana kabad ɗin ciki, makulli a aljihun mahaifina. Na tashi na je bakin labulen na tsaya. Wallahi har hannuna ya kai kan ƙyallen. Sai na rasa da wace kalma zan fara, ga jama'a sun zuba mini ido. Na juyo na ba uwar kwinin, maganin zazzaɓin sauro, na ce in jikin bai sauka ba ta dawo gobe. Ta yi godiya, ta goya 'yarta, ta kama hanya a ƙasa cikin ranar nan.

Washegari na zo aiki ban ga keken mahaifina ba. Ashe tun da muka tashi jiya yake cigiyar rugar matar nan a bakin kasuwa, bai sami wanda ya san ta ba sai da rana ta faɗi. Gari na wayewa ya nufi can da maganin a aljihu. Ya iske ana haƙa kabari.

Da ungozoma ta dawo ita mahaifina ya faɗa wa, ita kuma ta same ni tana hawaye tana faɗa. Ta ce ya ji kukan daga ciki ya gane shi, don ya sha jin irinsa. Ya taso ya zo bakin labulen ta ɓangarensa, yana ganin ƙafafuna ta ƙasa, yana jira in ɗaga. Da ya ga ƙafafun sun juya, sai ya ce wa kansa ai ni na ga yarinyar shi bai gani ba, kuma ina zai sa fuskarsa ya fito ya yi wa ɗan farinsa gyara a gaban mutane. Ya koma ya zauna. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ladabin da ke binne 'yar mutane ba sai a wurinmu. Bayan 'yan kwanaki uwar yarinyar ta zo da ƙwaryar nono, wai godiya ta kawo, mun yi iya ƙoƙarinmu, kwana ne ya ƙare. Na sa hannu biyu na karɓa, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Na nemi canjin wuri aka ba ni. Har Allah ya karɓi ran mahaifina ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Yanzu na tsufa, amma abin bai bar ni ba, shi ya sa na rubuto muku. Ku da kuke tura sababbin ma'aikatan lafiya, ajiye yaro kusa da gwani bai isa ba. Ku bincika ko bakinsa zai iya buɗuwa a gaban wannan gwanin, ko suruki ne, ko uba, ko mai tsawa. Ku tsofaffin hannu, kada ku jira a tambaye ku, ku leƙa. Kai kuma sabon shiga, in zuciyarka ta yi rawa a kan mara lafiya, ka yi magana ko da za a ce ba ka da kunya. Ni an shaide ni da kunya har yau. Ita kuwa yarinyar, da ta rayu, da yanzu tana wasa da jikokinta.