Hannun Nura, Shekara Goma Sha Ɗaya Bayan Yaya Garba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Garba, kuma wallahi akwai ranakun da nakan ce gara da Allah ya ɗauke shi bai ga wannan zamani ba.

Ma'aikacin masaƙa ne, wakilin ƙungiyar ƙwadago a sashensu. Taurin kai kuwa ba a magana, ko a gida ba mai kayar da shi a gardama. A zamaninsu idan inji ya taɓa ma'aikaci, ko ƙwarzane ne, Yaya kan ɗaga hannu a kashe injinan sashen duka. Ba a tayarwa sai an kai mutum asibiti, an kuma gano abin da ya jawo. Manaja ya yi ta kumfar baki, shi ko a jikinsa. Yakan ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai aka buɗe ƙofa, kayan waje suka cika kasuwa, masaƙa ta rufe. Aka ce mu yi haƙuri, 'yan kasuwa za su kawo aikin yi. Sun kawo kuwa! Babban ɗan Yaya, Nura, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya samu a wani kamfanin niƙa roba bayan unguwar Kwangila. Babu ƙungiya, babu tabbas. Kullum da safe a bakin ƙofa ake nuna waɗanda za su shiga. An cire murfin inji don aiki ya yi sauri, kuma kowa ya sani, wanda ya ji rauni ba a sake nuna shi.

Ranar da injin ya datse Nura a yatsu, ko ihu bai yi ba. Ya ɗaure da tsumma, ya zura safar hannu, ya ci gaba da zuba roba. Abokan aikinsa sun gani, suka rufa masa asiri, su a ganinsu taimako ne. Haka ya yi ta zuwa har hannun ya kumbura ya fara wari. Likita ya ce an makara, aka yanke daga wuyan hannu.

Yaya, da kana nan me za ka ce? Kamfanin ma bai ƙona min rai kamar shirun yaran nan ba. Amma da wane baki zan zage su? Mai iyali a wuya ba ya tsayar da inji.

Na so in ce taurin kan Yaya ya bar baya, don aƙalla ni na gaje shi. Makon jiya na tarar da Nura a zauren gidanmu na Tudun Wada, na ce masa zan tona asirin kamfanin a jarida, da suna da komai.

"Baffa, don Allah kar ka sa sunansu," in ji shi. "Sun ce ƙanena Bala zai iya maye gurbina."

Ga shi kun karanta har ƙarshe, ban sa ba. Allah ya jiƙanka, Yaya.