Itacen Madam

Na sha wahala a duniya, amma ban taɓa shan irin wadda Kawu Ɗanjuma ya bar mini ba. Ni ɗan kabu-kabu ne. Na taɓa ɗauko rago da mai shi a babur ɗaya tun daga Bande, na taɓa tura babur cikin yashi da azumi a bakina. Duk wasa ne in aka haɗa da kaɗa ƙwai da maburgi. Har yau kafaɗata ta dama ba ta koma daidai ba. Kowa kawunsa ya rasu ya bar masa akuya ko 'yar gona, ni gato, wato kek, aka bar mini.

Ku 'yan unguwarmu a Magariya ba sai na tuna muku ba. Ana gama girbi, sanyi ya fara shigowa, za ku ga Kawu a bakin hanya yana tare masu itace. Ba saye zai yi ba. Zai sa Buba mai amalanke ya tsayar da shanu ya sauke masa rabin kaya, yana ɗaga wannan yana juya wancan, yana shafa ɓawo kamar mai zaɓen shadda. Can sai ya zaƙulo guda daga ƙasa ya ce a ba shi aro.

Buba ya ce shekarar farko ya zaci kunnensa ne. "Baba, itace ake aro?"

"Ba ƙonawa zan yi ba, kallo zan yi."

Kuma yana mayarwa. Biki na wucewa zai kai masa abinsa har gida, ya yi godiya, sannan ya ƙara da cewa ɓawon bana bai kai na bara tsari ba, Buba ya riƙa lura da abin da yake sarowa.

Duk wannan saboda Madam Rozali ne, tsohuwar ungozomar asibiti, mutuniyar Benin, wadda rabinmu ita ta yanke mana cibiya. Mijinta malamin lakwal ne, makarantar boko. Ya rasu a nan, 'ya'yanta suka watse Yamai da Kotonu, ita ta ce ba inda za ta. Ranar sallarsu ta Nowel, wadda 'yan tsallake ke kira Kirsimati, takan dafa shinkafa ta tara maƙwabta a tsakar gidanta. Kawu shi ke kai gato, an yi shi kamar guntun itace, har da ɓawo da gurbin reshe. Ya ce haka Nasara ke yi, kuma ya koya ne yana saurayi a gidan wani likita Bature a Damagaram. Tun daga nan ba wanda ya ƙara cin gardama da shi. Ka ce miya ta yi gishiri, ka ce a rufe ƙofa, ka ce a buɗe, amsar ɗaya ce: "A gidan Likita ba haka ake yi ba."

Wani matashi da ya dawo daga karatu ya taɓa tare shi a ƙofar masallaci, ya ce bai dace dattijo mai sahun gaba ya riƙa yi wa Kirista abincin biki ba. Kawu yana laluben takalminsa, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ran da ta ciro ka, da ka tsaya ka tambaye ta addininta kafin ka fito."

Sai kuma kaji. Daga girbi zuwa Nowel ƙwan gidan ya haramta ga kowa, har mara lafiya. Ɗansa Laminu ya dawo daga Libiya bayan shekaru ba labari, uwarsa Inna Hajo ta kama kaza don murna. Kawu ya fito daga ɗaki a guje, ba hula, ya ƙwace wuƙar. Inna ta ce, "Malam, yaron nan fa har mun fitar da rai da shi." Ya ce ya sani, kuma ya gode wa Allah. "Amma shi ya tafi ya dawo. Ita in ta tafi shi ke nan." Tuwo da miyar kuka Laminu ya ci, kazar tana kiwo a gabansa.

Ina gidan shekarar da Inna ta ƙona gaton. Kawu ya gama shi, ya ajiye kusa da murhu gefen itacen Buba don ya gwada kamanninsu, ya tafi sallar la'asar. Inna ta zo ɗora tuwo, ta miƙa hannu ta ɗauki na kusa ta cusa a wuta. Sai ƙaurin sukari da gyaɗa ya cika gida. Ta ɗora hannu a ka. Ni har na fara tunanin wanda zai ba mu aron amalanke mu kwashe kayanta. Kawu ya shigo, ya jawo abin daga wuta, ya daɗe yana kallonsa.

"Hajo, ki rantse ba ki gane ba."

Ta rantse tana kuka. Ya sa ta sake rantsewa. Sai ya shiga ɗaki ya zura rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki guntun ƙonanne ya bi majalisa-majalisa yana nunawa, wai ga matar da ta tsufa tana hura wuta, amma ta kasa bambancewa. Mutumin da ko ashana sai an yi faɗa yake saya, ranar turmin atamfa ya kawo mata. Ya kuma kafa doka: mace ba ta ƙara taɓa masa gato. A lokacin ban tambayi kaina yadda aka yi ta ɗaga abin toyi a hannu ba ta ji bambancinsa da itace ba. Da na tambaya, da na huta.

Mu 'yan gida ba mu taɓa ɗanɗana shi ba. Shi ma bai taɓa ba, wai a gidan Likita mai dafawa ba ya sa baki. Ni kuma ranar bikin hanyar iyaka cike take da fasinja, ban taɓa zama a gidan Madam ba. Ku ke zuwa ku ci, ku fito kuna cewa madalla. Na ɗauka da gaske kuke.

Bana, Nowel na matsowa, ciwo ya kwantar da shi. Laminu ya koma Libiya, ni ne babba a kusa. Muna ɗaki, har da liman, sai ya yafito ni. Kowa ya matso, ana zaton maganar gona ce. Ya kama hannuna ya ce, "Ilu, itacen Madam. Kada ta jira." Daga wannan bai ƙara maganar duniya ba.

To wasiyya ce. Na je wurin Buba na ari itace, yana kallona yana girgiza kai. Inna tana takaba, ta zauna a tabarma tana faɗa mini abin yi, hannunta a cinya, don dokar marigayi na nan. Na kaɗa ƙwai har na daina jin yatsuna. Fulawa, man shanu, sukari. Sai ta ce in zuba ruwan kanwa. Na zuba kaɗan, ta ce ba haka Malam ke yi ba, in ƙara. Na ƙara, ta ce in ƙara. Aka juye a wani dogon gwangwani da maƙeri ya lanƙwasa masa tun ina yaro, aka sa a tukunya, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Ɓawon kuwa tunkuza ce da sukarin da aka ƙona har ya yi baƙi ƙirin. Na tambayi abin da ake zana shi da shi, ta miƙo mini wani tsohon matsefi. Na ce na waye. Ta ce kar in tambaya.

Da ya huce, wallahi ya yi kyau. Na ajiye shi gefen na Buba, ni kaina sai da na duba sosai. Amma ni ba a gidan Likita na taso ba, na ɓalli ɗan gefe na jefa a baki.

Haƙorina ya yi ƙara. Ɗaci ya bi ta hanci ya fito. Na zauna daɓas a ƙasa. Na ce shi ke nan, mutum ya yi shekaru yana gina suna, na rushe masa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ga ƙwai ya ƙare, ga baƙi sun fara taruwa a gidan Madam. Na yi niyyar aika wa Madam cewa bai samu ba, na tuna ya ce kada ta jira. Na ɗaure shi da roba a bayan babur kamar buhu. Duk ramukan hanyar nan, ko tsagewa bai yi ba, abin da ya ƙara karya mini gwiwa ke nan.

Na tarar an cika tabarmi, an gama da shinkafa. Madam ta gan ni da abu a hannu, ta nuna tebur. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, sai na ga ta sunkuya ƙarƙashin kujera ta jawo adda. Na waiga, kowannenku riƙe da kofin shayi, ba wanda ya kai baki. Har liman. Jira kuke.

Ta sara, ta sake sarawa, guntu ya yi tsalle. Ta tsoma shi a shayi ta bar shi ya jima, sannan ta kai baki tana tauna a hankali. Hawaye ya gangaro mata.

Na ce, "Mama, ki yafe mini, na ɓata."

Ta ce, "Ba ka ɓata ba, ɗana. Nasa ne sak."

Na kalle ku ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Ta jawo ni kusa ta ce Kawu bai taɓa zama kuku a gidan likitan nan ba, gadi yake yi, mijinta ya san shi tun can. Ta taga Kawu ya hango gaton a kan tebur, bai taɓa sanin yadda cikinsa yake ba. Shekarar da mijinta ya rasu, Nowel ta zo tana zaune ita kaɗai ko wuta ba ta hura ba, sai ga sallamar Kawu da wannan abu a tire, yana cewa ai yau sallarku ce, ba a zama haka. Ta ce ranar ta ci shi har da kuka, ya zaci daɗi ne. Daga baya kuma wa zai iya gaya masa?

Ta tsoma wani guntu ta miƙo mini. Na ci. Da shayin ma ba daɗi.

Allah ya jiƙan Kawu Ɗanjuma, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Yadda bai bar tsohuwar nan ta yi biki ita kaɗai ba, Allah kada ya bar shi shi kaɗai. Ya ba shi gaton Aljanna mai laushi, ya kuma bari ya ɗanɗana.

Washegari da safe na watsa wa kajinsa dawa, waɗanda na yi niyyar kaiwa kasuwa, na ɗaura itacen Buba a babur na kai masa har gida. Ya ce in riƙe, ya bar wa marigayi. Na ce a'a, aro ne, baɗi zan dawo in zaɓi wani.