Ranar da Na Ba Bango Labari

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma tun daga Tsohon Birnin Gwari har nan cikin gari an san bakina. In na buɗe labari, mai daka sai ta jingine taɓarya. Ƙa'idata ɗaya ce, wadda na gada wajen gwaggona: ba na ba da labari sai da mai amsawa. In na tsaya, a ce mini "Muna ji", sannan in ci gaba.

Jikata tana karatu a wata babbar makaranta a Kaduna. Saboda halin da hanya ke ciki, an raba musu karatun biyu: wani ta waya daga gida, wani kuma su je su zauna gaban malami. Wata rana ta zo tana murmushi.

"Tsohuwa, kasuwarki ta buɗe. Malaminmu ya ce ki ba ajinmu labarin ƙauyenmu da muka baro a daji."

Na ce, "Ke 'yar nan, ina ajin?"

"Suna cikin waya, duk suna jinki. In makon zuwa aji ya zo, da ke za mu tafi, su gan ki ido da ido."

Na yi wanka, na ɗaura zanen da nake zuwa suna da shi. Ta jingine wayar a jikin bango. Na faɗi rijiyarmu, da kaɗanyar da muke tsince, da gonar mijina, da safiyar da muka fito da tukwane a ka ba mu waiwaya ba. Da na tsaya, shiru. Sai ta ce, "Muna ji, Kaka. Sun rufe bakin wayarsu ne don ladabi." Har na ce Allah ya yi musu albarka.

Makon ya zo. Na ɗaure kayana, na sallami maƙwabta. Da na dawo daga gaisuwar wata rasuwa, aka ce jikata ta riga ta hau mota.

Maƙwabciyata, wata malamar firamare 'yar kudancin Kaduna, ita ta nuna mini labarin nawa a wayarta, tana tsammanin zan ji daɗi. Ashe ranar babu kowa a cikin wayar. Ɗauka kawai jikata ta yi, ta tura. An yanke duk inda na tsaya ina jiran amsa, labarin ya zama kamar ana korata. Malamar ta ce ɗalibai ma ƙara masa gudu suke yi don su gama da wuri. Ta danna na ji. Sunan rijiyarmu ya wuce kafin in gane shi.

Da yarinyar ta dawo, ta durƙusa ta ce, "Kaka, na ci jarrabawa da labarinki. Da na faɗa miki gaskiya, ai ba za ki yarda ba."

Na ce, "Tabbas. Ashe kin san ni."

Har yanzu ina ba da labari a tsakar gida, mata suna amsawa. Ita ma takan zo ta zauna daga baya. In ta ce "Muna ji", sai in jira wata ta faɗa.