Ruwan Ido Ya Hana Ni Shiga Jami'a

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara yawa a ƙasar nan, ni saurayi ne ɗan Jibiya da ya gama sakandare da sakamako mai kyau. Tun lokacin farin da ya koro mutane daga Nijar nake zuwa Magama in tsaya ina kallon iyalai suna tsallako iyaka da jakunansu, ina tambayar kaina me ke raba mutum da garinsu, kuma yaya baƙo ke zama ɗan gari. Wani malaminmu Kirista, mutumin kudancin Zariya, shi ya gaya mini cewa wannan abin da ke damuna fanni ne guda a jami'a, ilimin zamantakewar al'umma. Ya zaunar da ni ya ce in nemi wuri uku a lokaci ɗaya: jami'a ɗaya a Arewa, ɗaya a Kudu inda malaman fannin suka fi yawa, sai wata kwaleji kusa da gida, ko da waɗancan ba su samu ba.

Maimakon in bi maganarsa, sai na shiga neman shawara gida-gida. Inna ta ce Kudu ta yi nisa, in ta kwanta ciwo wa zai je ya kira ni. Yayana, direban babbar mota, ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin wanda ya ci abinci da nazarin mutane ba, in nemi aikin kwastan kawai. Abokaina kuwa suka ce kwaleji ta waɗanda suka faɗi jarrabawa ce. Duk wanda ya yi magana a ƙarshe, shi nake bi. In cike takarda da safe, in yage ta da la'asar. Abinci ya daina yi mini daɗi, zama ya gagare ni, in fita tasha in dawo, in sake fita ba tare da na san abin da nake nema ba. Ranar da na tsai da magana na hau mota zuwa Katsina don in aika takardun, aka ce mini ai duk an riga an rufe karɓa.

Na ce sai baɗi. Kafin nan wani ɗan kasuwa ya ɗauke ni ina cike masa takardun kaya a kan iyaka. Aiki ya karɓe ni, na yi aure, baɗi ta zo ta wuce. Wata rana malamin nan ya gan ni a bakin shingen kwastan, ya tambaye ni da fara'a wace jami'a ce ta ba ni hutu. Na gaya masa ban ma aika takardun ba har aka rufe karɓa. Sai ya ce, "Ɗana, da ka nema an hana ka, da na fi samun sauƙi."

Alhamdu lillahi, ban rasa abin rufin asiri ba, amma har yau maganar nan tana cina. Ina kira ga matasa, ku nemi wanda ya san fannin da kuke so, ku saurare shi, ku aika takardunku wuri fiye da ɗaya tun da sauran lokaci. Duk waɗanda suka ba ni shawara sun manta sun ba ni. Ni kaɗai na rage da nadamar.